Jagorar Shirya Wasan Wuta na Masu Sha'awa: Saurin Kafawa da Tabbacin Tashi

Wasan wuta na masu sha'awa shi ne wanda mutum ɗaya, ko 'yan unguwa, ko wata ƙaramar ƙungiya ke shiryawa da kayan da doka ta yarda a sayar wa jama'a, ba tare da an ɗauko kamfanin ƙwararru ba. A Amurka babbar ranarsa ita ce 4 ga Yuli, ranar tunawa da samun 'yancin kai a 1776. A Birtaniya darensa shi ne 5 ga Nuwamba, don tunawa da makircin albarushi na 1605, sai kuma bikin Diwali da daren sabuwar shekara. A Jamus kusan dukkan wasan na jama'a yana taruwa ne a daren 31 ga Disamba. Mafi yawan kayan da ake harbawa a waɗannan ƙasashe daga China suke zuwa, musamman daga Liuyang da ke lardin Hunan.

Wasan da zai yi minti goma a sararin sama yakan ci kwanaki ana shirinsa a ƙasa. Matsaloli biyu ne suka fi addabar mai shiri: rana ta faɗi bai gama kafa kaya ba, ko kuma a zo tsakiyar wasa wani abu ya ƙi tashi. Tushensu ɗaya ne. Haɗin da aka yi cikin gaggawa da duhu shi ne ba ya kamawa, kuma abin da ya ƙi kamawa shi ke jan mutum ya koma kusa da wuta ya duba. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka tana ƙirga dubban mutanen da ake kai wa asibiti kowace shekara saboda wasan wuta, kuma hannu da yatsu ne suka fi samun rauni. Saboda haka saurin kafawa da tabbacin tashi duk hanyoyi ne na nisanta jikin mutum daga albarushi mai ci.

Doka da rukunin kaya

Kafin a sayi komai sai an san abin da dokar wurin ta yarda da shi. Tarayyar Turai da Birtaniya sun raba kayan wasan wuta rukuni huɗu. F1 ƙananan kaya ne da hatsarinsu bai taka kara ya karya ba. F2 na lambun gida ne, kuma tazarar da akan rubuta a jikinsa ba ta gaza mita 8 ba. F3 na babban fili ne, yawanci da tazarar mita 25. F4 kuwa na ƙwararru ne kaɗai. Dokar Birtaniya ta 2004 ta hana harba wuta daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, sai dai a daren 5 ga Nuwamba da aka ɗaga zuwa 12 na dare, da daren sabuwar shekara da Diwali da sabuwar shekarar Sinawa da aka ɗaga zuwa ƙarfe 1. Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba kayan F2 da F3 a can.

A Amurka kayan jama'a suna ƙarƙashin rukunin 1.4G, amma kowace jiha da nata hukuncin, har jihar Massachusetts ta haramta su gaba ɗaya. A Najeriya rundunonin 'yan sanda na jihohi sukan fitar da sanarwar hana sayarwa da harba nokawut da makamantansa idan Disamba ta kama. Duk abin da ke cikin wannan jagora ya shafi wurin da doka ta ba da izini ne, da kayan da aka sayo a shirye daga mai sayarwa mai lasisi. Haɗa albarushi a gida ko kwance kaya a sake musu fasali ba ya cikin aikin mai sha'awa.

Sanin kayan

Ginshiƙin wasan masu sha'awa shi ne abin da suke kira kek: dunƙulen bututun kwali masu yawa da aka manne wuri guda, lagwani ɗaya yana ratsa su daga ciki, ta yadda kunnawa ɗaya za ta harba su bi da bi. A Amurka babban kek na jama'a ba ya wuce giram 500 na sinadarin wuta. Wasu kek ɗin miƙe suke harbawa, wasu kuma bututunsu a karkace suke kamar mafici, suna watsa wuta dama da hagu.

Na biyu shi ne ƙwallon sama, wanda ake zurawa cikin bututun harbi da ake kira turmi. A Amurka ana sayar wa jama'a shi, faɗinsa kusan inci 1.75, nauyin sinadarinsa bai wuce giram 60 ba. Birtaniya ta hana jama'a shi tun ƙarshen shekarun 1990. Bayan waɗannan akwai kyandir ɗin Roma mai tofa ƙwallayen wuta ɗaya bayan ɗaya, da maɓuɓɓuga mai fesa tartsatsi daga ƙasa, da roka mai sanda. Roka ta fi kowanne wuyar sarrafawa, domin takan karkata ta fuskanci iska, sandarta kuma sai ta dawo ƙasa.

Wurin ajiya ya zama busasshe, mai kulle, nesa da murhu da janareta da man fetur, kaya kuma su zauna cikin kwalayen da suka zo da su. Gobarar da ta tashi a wani ɗakin ajiyar kayan wasan wuta a unguwar Jankara da ke tsibirin Legas ranar 26 ga Disamba 2012, wadda ta cinye gine-gine da dama, ta nuna abin da tara irin wannan kaya a tsakiyar jama'a ke jawowa.

Fili da iska

Ana raba fili kashi uku: wurin 'yan kallo, wurin harbi, da wurin faɗuwar tarkace a bayan wurin harbi. 'Yan kallo su kasance ta inda iska ke fitowa, wato tana bugun bayansu, don hayaƙi da toka da guntayen kwali su tafi gaba. Wurin faɗuwar tarkace ya fi sauran girma, kuma kada a samu gida ko mota ko busasshiyar ciyawa a cikinsa. A ɗaga kai a duba sama ma, saboda rassan itace da wayoyin lantarki.

Tazarar da aka rubuta a jikin kaya ita ce mafi ƙaranci, kuma ƙari a kanta ba ya ɓata komai. Ƙa'idar ƙwararru ta Amurka mai lamba NFPA 1123 ta ba da ƙafa 70, kusan mita 21, ga kowane inci ɗaya na faɗin turmi. Masu sha'awa da yawa sun ari wannan lissafi, wanda ke ba ƙwallon inci 1.75 tazarar kusan mita 37. Ana auna filin da tef da rana, kwanaki kafin wasa, a zana taswirarsa a takarda, a kuma tanadi wuri na biyu da za a mayar da 'yan kallo idan iska ta juya. Igiya ko tef mai launi shi ke nuna iyakar da ba a ƙetarewa.

Takardar tsari

Babu abin da ke rage ɓata lokaci kamar takardar tsari. A cikinta kowane abu yana da lamba, da sunansa, da tsawon lokacin da yake ci, da wurinsa a fili, da daƙiƙar da za a kunna shi. Masu sayarwa da yawa suna saka bidiyon kayansu a intanet, kuma daga nan ake auna tsawon lokaci da agogo. Lokacin da aka rubuta a kwali yakan bambanta da na zahiri da 'yan daƙiƙoƙi, shi ya sa ake tsara kowane abu ya fara kafin na gabansa ya ƙare da daƙiƙa biyu ko uku, don kada sama ta yi duhu.

Akan fara da ƙananan kaya masu ci a ƙasa, a riƙa hawa a hankali, a ajiye manya don rufewa. Harba kaya da yawa lokaci guda tun daga farko yana cika sama da hayaƙi, launuka su dushe, kuɗi su ƙone ba a ga kyansu ba. Minti takwas zuwa goma sha biyu da ba su da giɓi sun fi rabin awa da ake ta tsayawa ana jira.

Lambar da ke takarda ita ake rubutawa da babban alƙalami a saman kayan da gefensa, ita ce kuma za a rubuta a kan wayarsa idan da lantarki za a kunna. Ana buga takardar kwafi biyu ko uku, a saka kowace cikin leda.

Aikin da ake gamawa a gida

Duk aikin da za a iya yi kafin ranar wasa, a yi shi kafin ranar, cikin inuwa da haske da natsuwa, a wuri mai iska da babu mai shan taba. Ana cire ledar da aka naɗe kek da ita, a nemo lagwaninsa, a bar murfin kariyarsa a kai har sai an zo haɗawa.

Hanyar da ta fi sauƙaƙa kafawa ita ce allo. Ana yanka falankin katako gwargwadon abin da mutum biyu za su iya ɗauka ya kuma shiga mota, a jera kek huɗu zuwa shida a kai bisa tsarin takarda, a manne gindinsu da gam mai ƙarfi irin na magina. Ana barin tazarar yatsu kaɗan a tsakaninsu don zafin wani kada ya kama wani. Gam yana son kwana guda ya bushe. Idan an isa fili, ajiye allo ɗaya ya tsaya a madadin kafa kek shida ɗaya-ɗaya, kuma faɗin allon yana hana su kifewa.

Kek ɗin da ba a manne ba sai an ɗaure shi da turke. Ana kafa turken ta ɓangaren 'yan kallo, a naɗe shi da jikin kek da salatif mai ƙarfi zagaye biyu ko uku, ta yadda ko ya kwance zai faɗi ne ta bayan fili. Kek ɗin da ya kife yana ci gaba da harbi a kwance, kuma ba a iya tsayar da shi. Dogaye masu siririn gindi su suka fi kifewa. Mai siffar mafici yana da alamar gefen da ya kamata ya fuskanci 'yan kallo, don wutarsa ta bazu dama da hagu, kuma tilas a bi alamar.

Turamen ƙwallon sama akan jera su cikin firam na katako. Bututun da ya dace shi ne na roba nau'in HDPE ko na zaren gilashi, domin idan ƙwallo ya fashe a ciki HDPE yagewa yake yi. Bututun famfo na PVC kuwa tarwatsewa yake kamar kwalba, don haka ba a kusantarsa ko da wasa, haka ma bututun ƙarfe. Ana girke firam ɗin a tsaye da ƙafafu ko turaku, tsawonsa yana nuna wajen 'yan kallo, ta yadda idan ya faɗi bakin turamen zai kalli gefe. Ƙwallo ya sauka har gindin turmi ba tare da an tura shi ba, kuma turmi ɗaya ƙwallo ɗaya. Sake loda turmi a tsakiyar wasa cikin duhu yana daga cikin ayyuka mafi hatsari, kuma isassun turame su ke kawar da bukatarsa.

Lagwani da haɗa shi

Lagwanin da aka fi amfani da shi ana kiransa visco: zaren albarushi ne da aka saƙa wa auduga aka shafe da fenti mai hana ruwa. Koren da aka saba gani yana cin kusan santimita ɗaya a daƙiƙa. Akwai mai sauri da ke cinye ƙafa guda cikin 'yan daƙiƙoƙi, akwai kuma wanda ba ya kai daƙiƙa ɗaya. Launi ba hujja ba ne, domin kowane kamfani da yadda yake rina nasa. Kowane sabon ƙunshi sai an yanki santimita 30 an ƙona a fili an auna da agogo, a rubuta sakamakon a jikin ƙunshin. Lagwani mai sauri ba a kunna shi da hannu kai tsaye; sai an haɗa masa guntun mai jinkiri a baki.

Ana yankan lagwani da reza mai kaifi a kan katako, a karkace, don cikinsa ya bayyana sosai. Almakashi na ƙarfe yana gogar da baki biyu a kan albarushi, don haka ake guje masa. Babban ƙunshin ya kasance nesa da inda ake yanka.

A wajen haɗi ne aka fi samun ƙin tashi. Lagwani biyu da aka gicciya su kamar alamar tarawa suna haɗuwa ne a ɗigo ɗaya, kuma wuta kan wuce ba ta kama ba. Abin da ya dace shi ne a kwantar da su gefe da gefe tsawon santimita 3 zuwa 5, bakin lagwanin kek yana fuskantar inda wutar za ta fito, a ɗaure da maɗaurin roba guda biyu, sannan a rufe da salatif na takarda. Maɗauri yana riƙe su kada su rabu, salatif kuma yana tara zafi a wurin. Bayan an gama sai a ɗan ja a hankali. Haɗin da ya motsa sai a sake shi.

Lissafin lokaci ba shi da wuya. A ɗauka kek na farko yana ci daƙiƙa 30, na biyu 25, kuma babban lagwanin yana cin santimita ɗaya a daƙiƙa. Idan ana so na biyu ya fara saura daƙiƙa biyu na farko ya ƙare, sai a bar santimita 28 tsakanin haɗin farko da na biyu, sannan santimita 23 tsakanin na biyu da na uku. Lagwanin da ya rage a sarari ana rufe shi da salatif na alminiyom, domin tartsatsin da ke zubowa daga sama na iya kama shi a tsakiya ya tayar da kayan ƙarshe tun ba a zo kansu ba. Rufewa kan ɗan canza saurin ci, don haka gwajin agogo ya kamata a yi shi da lagwani a rufe. Kada a rataya wasa gaba ɗaya a kan lagwani guda. A raba shi allo-allo, ta yadda mutuwar ɗaya ba za ta tsayar da sauran ba.

Danshi

Albarushi da kwali duk suna shan danshi. Ko ba a yi ruwan sama ba, raɓar yamma da jiƙaƙƙiyar ciyawa sun isa su kashe lagwani ko su tausasa gindin kek. Allo yana raba kaya da ƙasa. Wanda ba ya kan allo akan saka shi cikin siririyar leda a ɗaure, domin harbin yana huda siririyar leda ba tare da matsala ba. Bakin turame akan rufe shi da takardar alminiyom, wadda ke tare raɓa da tartsatsi, kuma tana nuna turmin da ya riga ya tashi. Babban tamfol na jiran lokaci ne kawai, a kuma yaye shi kafin a fara.

Kunnawa da lantarki

Na'urar kunnawa daga nesa tana da sassa uku: rimot a hannun mai harbi, akwatin harbi a cikin fili, da makunni a jikin kowane lagwani. Kowane akwati yana da layuka masu lamba. Ƙananan na'urorin China masu araha suna zuwa da layi huɗu ko goma sha biyu, suna aiki da ƙananan batura. Na'urorin COBRA suna da akwati mai layi 18, kuma rimot ɗinsu yana karɓar rahoto daga akwatin, har a iya loda masa tsarin wasa ya riƙa harbawa da kansa. Na'urar Ignite kuwa da wayar hannu ake sarrafa ta. Babban amfanin kowace shi ne mai harbi yana tsaye nesa, yana ganin filin gaba ɗaya.

Makunni iri biyu ne. Na farko ɗan maƙale ne mai siririyar wayar nikirom a bakinsa, irin wanda ake sayarwa da sunan Talon. Ana maƙala shi a kan lagwani, wayar ta yi ja ta ƙona fentin ta kunna shi. Ba shi da sinadarin wuta, shi ya sa ake sayar wa kowa. Yana bukatar wutar lantarki mai yawa da za ta daɗe kamar daƙiƙa biyu, don haka sai an saita akwatin a kan irinsa. Wayarsa ba ta da ƙwari: ana maƙala shi sau ɗaya, lagwani ya zauna daidai kan wayar, a naɗe da salatif, a kuma ɗaure igiyar wayar a jikin kek don ja kada ya kai ga bakin. Tunda lagwanin kaya ne yake kunnawa, akwai jinkiri. Dokar Amurka ta ce lagwanin kayan jama'a ya ci tsakanin daƙiƙa 3 zuwa 9, kuma sai an cire wannan daga lokacin da ke takarda.

Na biyu ita ce ashanar lantarki, mai ɗan kan sinadari da ke kamawa nan take. Ta fi tabbaci, amma gogayya da bugu da tartsatsin lantarkin da ke taruwa a jiki na iya tayar da ita, musamman a busasshiyar iskar hunturu. A Amurka ashanar ƙwararru tana bukatar lasisin hukumar ATF, kodayake akwai nau'in da aka yarda a sayar wa jama'a. Ana barin murfin kanta a kai, bakin wayoyinta biyu kuma a murɗe su tare har zuwa lokacin sakawa a akwati.

Lissafin waya da batir

Ƙarfin wutar da ke isa makunni shi ne bolt ɗin batir a raba da jimillar turjiya. Ashanar lantarki da wayarta tana da turjiya kusan om 2, kuma akan so a ba ta amfiya ɗaya don a tabbata ta tashi. Siririyar wayar tagulla mai lamba 22 tana da turjiya kusan om 53 a kilomita. Ƙarin waya mai tsawon mita 25 tafiya da dawowa mita 50 ke nan, wato kusan om 2.7. Idan aka jera ashana huɗu a kanta da batir mai bolt 12, jimilla om 10.7, wutar kuma amfiya 1.1, ta isa. Idan aka mayar da su takwas, jimilla om 18.7, wutar ta sauko zuwa kusan 0.6, daga nan wasu za su tashi wasu su ƙi.

Ana haɗa makunnai da yawa a layi ɗaya ta hanya biyu. Haɗin carbi shi ne wuta ta bi ta cikin ɗaya ta shiga na gaba. Amfaninsa shi ne duk inda aka samu yankewa gwaji zai nuna, amma dole su zama 'yan kamfani ɗaya, in ba haka ba mai saurin kamawa zai yanke hanya kafin sauran su yi zafi. Ɗaya hanyar ita ce kowane makunni ya sami wayoyinsa kai tsaye daga bakin akwati. Ita ta dace da ɗan maƙale, sai dai tana zuƙar batir, kuma fitilar gwaji za ta nuna lafiya ko da guda ɗaya ne kawai ke haɗe. Littafin kowace na'ura yana faɗin adadin da layi ɗaya zai ɗauka, kuma zama ƙasa da adadin ya fi.

Batura sababbi ake sakawa ranar wasa, masu caji kuma a cika su a daren jajibiri. Sanyi yana rage ƙarfin batir, abin da masu wasan Nuwamba da Disamba suka sani sarai. Akwati ya ɗan ɗaga daga ƙasa, eriyarsa a tsaye, babu mota ko bango tsakaninsa da rimot, a kuma kifa masa robar kariya saboda tartsatsi.

Ranar wasa

Ana loda mota bisa tsarin saukewa: abin da za a fara kafawa shi ake sakawa a ƙarshe. Akwatin kayan aiki ya ƙunshi reza, salatif, maɗaurin roba, guduma, filaya, ragowar lagwani da makunni, da tocilar goshi. A isa fili da isasshen lokacin da za a gama komai saura awa guda rana ta faɗi.

Aiki yana tafiya daki-daki: a ja igiyar iyaka, a ajiye alluna da firam a wurarensu, a kafa turaku, a shimfiɗa wayoyi, a maƙala makunnai, sannan a saka wayoyi a akwati. Duk wannan lokaci akwatin a kashe yake, mabuɗin na'urar kuma yana aljihun mai harbi. Raba aiki yana ƙara sauri: ɗaya yana kafawa, ɗaya yana waya, na uku yana bi da takarda yana duba kowace lamba. Wanda ya yi haɗi ba shi ne zai duba aikinsa ba. Ba a sunkuya a kan kek ko bakin turmi a kowane hali.

Gwajin haɗuwar waya yana aika 'yar wuta kaɗan da ba ta isa tayar da makunni ba, duk da haka sai kowa ya fita daga wurin harbi kafin a yi shi. Layin da bai nuna ba, a kashe akwati kafin a je dubawa; galibi waya ce ba ta shiga bakinta sosai ba, ko an matse robar waya maimakon tagullar. Ana gwada isar rimot daga daidai inda mai harbi zai tsaya, a sake gwaji na ƙarshe minti goma sha biyar kafin farawa.

Masu aiki su sa tufafin auduga masu dogon hannu, da tabarau na kariya, da abin toshe kunne, da rufaffen takalmi. Yadin roba narkewa yake ya manne da fata. Bokitan ruwa da abin kashe gobara su kasance a gefen fili inda hannu zai kai. Wanda ya sha abin maye ba ya taɓa komai. Sanar da maƙwabta tun da wuri yana ba su damar killace dabbobi da kula da tsofaffi da jarirai.

Lokacin harbi da abin da ya ƙi tashi

Mutum ɗaya ne ke harbi, wani yana karanta masa lamba da agogo, na uku kuma idonsa na kan fili da 'yan kallo, ba ya kallon sama. Kowannensu yana da ikon cewa a tsaya. Idan iska ta juya wajen jama'a, ko wani ya ƙetare igiya, ko wani abu ya kife, sai a dakata har a gyara. Idan iska ta yi ƙarfi tun farko, ɗage wasan shi ne daidai. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Idan layi ya ƙi tashi, a wuce zuwa na gaba. Akan ajiye kek ɗaya ko biyu a layukan da ba sa cikin tsari don cike irin wannan giɓi. Ba a zuwa dubawa, ba a kuma sake kunna abin da ya ƙi, domin wuta na iya kwanciya a cikin kwali ta tashi bayan mintuna.

Bayan wasa

Ana kashe rimot, a zare mabuɗi, a jira aƙalla minti 20 kafin kowa ya shiga wurin harbi. Wanda ya fara shiga ya je da tabarau da tocila da ruwa, ya kashe akwatuna, ya cire wayoyi. Kek ɗin da ya gama ci yakan ci gaba da cin wuta a ciki, don haka ana jiƙa kowanne, kuma ba a loda su cikin mota ko a ajiye su kusa da gida a daren. Abin da ya ƙi tashi ko ya tsaya a rabi ana nutsar da shi cikin ruwa ya kwana, sannan a tambayi mai sayarwa ko hukumar kashe gobara yadda za a zubar da shi. Ba a jefa shi cikin wuta. Da gari ya waye ana sake zaga filin da wurin faɗuwar tarkace, domin ƙwallon da bai fashe ba na iya faɗawa hannun yaro.

Aiki na ƙarshe shi ne rubutu. A bayan takardar tsari ana rubuta kowane layin da ya ƙi tashi da dalilinsa, ko haɗi ne, ko danshi, ko makunni, ko batir, tare da ainihin lokacin da kowane kek ya ci da awannin da kafawa ta ɗauka. Ana goge turame a duba ko sun tsage, a naɗe wayoyi, a cire batura daga akwatuna, a ajiye takardar tare da su don shirin baɗi ya fara daga kanta.